Jitar Sabha da Malamin Cikin Waya

Akwai abin ɗaure kai a tallar da masu koyar da jita ta intanet suke yi. Suna cewa za su koya maka kiɗan nan-take, wato ka ɗauki jita ka fitar da abin da ba ka tsara ba, ba ka haddace ba, abin da ya zo maka a daidai wannan lokaci. Amma kayan koyarwar tasu bidiyo ne da aka naɗa tun shekarun baya, aka yanke, aka gyara, aka jera darasi bayan darasi, ko sau ɗari ka kunna shi ba zai sauya ko ɗigo ba. Ta yaya abin da ya daskare zai koyar da abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya? Wannan tambaya ce ta sa na bi ɗaya daga cikin irin waɗannan kwasa-kwasai, na buluz da jaz, tun daga farko har ƙarshe, a nan Sabha inda nake zaune, na kuma zuba ido a kan samarin da suke bin sa tare da ni. Abin da zan faɗa a kansa ya shafi sauran 'yan uwansa, don kusan duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Wanda bai san garin nan ba zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Sunan Sabha idan ya fito a rediyo, to labarin 'yan ci-rani ne: motocin da ke tasowa daga Agadas su bi ta Dirku da Madama da Gatrun, ko rahoton da hukumar kula da ƙaura ta duniya ta fitar a 2017 kan yadda ake cinikin mutane a garin. Duk gaskiya ne. Sai dai Fazzan tana da wani tarihin. Ta nan fataken Kano da Turabulus suka yi ta ratsawa, ta Murzuk da Gat, shi ya sa har gobe Hausa ba baƙuwa ba ce a kasuwannin yankin. Sannan ƙasar nan na cikin wuraren da jitar Abzinawa ta yi rarrafe har ta miƙe. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya kashe dabbobi, ya koro samarin Abzinawa daga Mali da Nijar zuwa Aljeriya da Libiya, suka cika garuruwa irin su Tamanrasat da Gat da Ubari da Sabha suna neman aikin ƙarfi. Aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A 1980 Gaddafi ya yi kira gare su su zo a ba su horon soja, kuma cikin waɗanda suka amsa akwai Ibrahim Ag Alhabib da abokansa, waɗanda duniya ta sani yau da sunan Tinariwen. Shi Ibrahim da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Waƙoƙinsu a kaset suka yawo: ka kawo kaset ɗinka, a naɗa maka, ka kai wa wani ya kwafa. Bombino na Agadas ma a zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya ya goge hannunsa, yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana maimaitawa. Saboda haka koyon jita daga na'ura ba baƙon abu ba ne a wannan sahara. Sabon abu shi ne na'urar ta zo da manhaja, da jarrabawa, da kuɗin wata.

Ga yadda kwas ɗin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Malami na zaune a ɗaki mai haske, kyamara ɗaya a kan hannun hagunsa, ɗaya a kan na dama. A ƙasan allo ga taswirar yatsu: layi shida a madadin tsirkiya shida, da lambobi masu nuna gidan da za ka danna a wuyan jita. Ana farawa da tsanin sauti mai hawa biyar, a gida na biyar, a zana maka shi kamar akwati, a ce ka haddace. Daga nan sai akwati na biyu, har zuwa na biyar. Sai a kawo ginin buluz mai gaɓa goma sha biyu, wanda ke tafiya a kan dunƙulen sauti guda uku: gaɓa huɗu a kan na gida, biyu a kan na huɗu, biyu a koma gida, ɗaya a kan na biyar, ɗaya a kan na huɗu, biyu a sake komawa gida. Sai a ba ka 'yan guntayen jimlolin kiɗa da aka tsinto daga manyan makaɗa, a kunna maka kiɗan rakiya na ganga da babbar jita da aka riga aka naɗa, a ce to bismilla, yi naka. Rabin ƙarshe na kwas ɗin shi ne jaz, inda dunƙulen sauti ke sauyawa kusan kowace gaɓa.

Zan fara da alherinsa, don yana da shi, kuma ba ƙarami ba ne. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi shi ke kiɗa, kuma duk son da muke wa Shata da Ɗan Maraya da Haruna Uji, uba nawa ne zai yi murna idan ɗansa ya shigo gida da gurmi a rataye? Za a ce ya zama maroƙi. Jita ba ta da gidan gado a cikinmu, ba ta da sarkin kiɗa, kuma malamin cikin waya ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Na san ɗan malami a nan, mai aikin fenti, wanda ya yi wata da watanni yana koyo da abin sauraro toshe a kunnensa, jitar ba a jone da lasifika ba, abokan ɗakinsa ma ba su san inda ya kai ba. Haka yarinyar da ba za a bar ta ta je ta zauna cikin samari a Tayuri don koyon jita ba, waya na iya kai mata darasi har ɗaki. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad a ɓoye ta koya da jitar yayanta, ba ta samu ko irin wannan taimako ba. Ƙari a kan haka, malamin nan ba ya gajiya. Kana iya rage gudun bidiyon ya koma rabi, ka maimaita daƙiƙa goma sau hamsin, ba tsawa ba gori. Wanda ya taɓa zama a gaban gwani mai rowar hannu, wanda zai juya maka baya idan ya zo wurin da kake son gani, ya san darajar wannan.

Matsalar tana farawa ne daga taswirar yatsun nan. Ta mayar da kiɗa aikin ido. Yaro na kallon lamba yana dannawa, kunnensa na hutu. Bayan wata uku sai ka ga yatsunsa na hawa da sauka a cikin akwati kamar tsuntsu a keji, da sauri ƙwarai, amma ka ce ya rera da baki abin da ya kaɗa yanzu, ba zai iya ba, don bai ji shi ba kafin ya kaɗa. Abin takaicin kuma, ruhin buluz yana zaune ne a wurin da lamba ba ta kaiwa. Sautin da ke sa kiɗan ya yi kama da kuka yana tsakanin gida biyu na wuyan jita, ba wannan ba, ba wancan ba, sai an tura tsirkiya da yatsa kaɗan a lalubo shi. Taswira ba ta da abin da za ta nuna sai 'yar kibiya da alamar rubu'i. Amma nawa ne rubu'in? Yaushe za a kai gare shi, yaushe za a sake shi? Kunne kaɗai ke yanke wannan hukunci. W. C. Handy ya ba da labarin yadda ya fara jin wannan kiɗa wajen 1903 a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler a jihar Misisipi, wurin wani mutum da ke goga wuƙa a kan tsirkiyar jitarsa, wato dabarar kauce wa gidajen gaba ɗaya. Mu kuwa goge da kukuma ba su da gidaje tun asali. Duk wanda ya tashi yana jin Garba Supa ko Ahmadu Doka, wannan sauti na tsakani yana cikin kunnensa tun yana goye. Sai ga shi ya biya kuɗi ana koya masa ya nemo shi da ido.

Wannan ƙaramin laifi ne idan aka gwada da na biyu. Kiɗan nan-take amsa ce. Dole akwai wanda ya yi magana kafin ka mayar. A buluz na gargajiya mawaƙi zai rera layi ya cika kusan gaɓa biyu, ya bar sauran fili, jita ta amsa masa. Ya maimaita layin, ta sake amsawa. Ya kawo layi na uku mai warware zancen. B. B. King ba ya waƙa yana kiɗa a lokaci guda. Idan ya yi shiru jitarsa Lucille ta karɓa, idan ta yi shiru ya karɓa, kuma shi da bakinsa ya ce bai ƙware a dunƙulen sauti ba. Bahaushe bai bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Waƙarmu ta baka tana da gindi tana da ɗiya, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a nazarinsa: gindi na nan daram, 'yan amshi na riƙe da shi, jagora na ƙera ɗiya ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da ya gani a fili. Abin da 'yan jaz ke yi ke nan, su buɗe da karin da kowa ya sani, kowa ya yi yawonsa a kansa, su dawo su rufe da shi. Shata ya shahara da rashin zama ya tsara waƙa kafin ya fito. To me yake dogara da shi? Da masu kalangu da ke bin numfashinsa, da 'yan amshin da ke ba shi sararin tunani, da sanƙira da ke sanar da shi wanda ya shigo, da fuskar wanda ake wa waƙar. Ka cire waɗannan duka ka bar shi da kaset mai juyawa, ka ga ko Shatan da muka sani zai fito.

Kiɗan rakiyar da kwas ke bayarwa shi ne wannan kaset. Asalinsa ma ya girmi intanet: tun 1967 Jamey Aebersold ya fara sayar da faya-fayan da ɗalibi zai kunna ya bi, kuma shi don motsa hannu a gida ya yi su. Amfaninsu a nan yake, a nan ya tsaya. Gangar da ke ciki ba ta jin ka. Ka yi abin kirki ba za ta ɗaga ba, ka yi shirme ba za ta harare ka ba, ka yi shiru ba za ta cike gurbin ba. Shi ya sa ɗaliban kwas suke da cuta iri ɗaya, ko a ina suke: ba sa iya yin shiru. Tunda ba wanda zai amsa, sai su cika kowace gaɓa da surutu, kamar mai magana shi kaɗai a ɗaki. Na ga ƙarshen abin a wani biki a unguwar Tayuri. Aka miƙa wa wani saurayi jita, wanda ya fi kowa nisa a cikin masu bin kwas ɗin. Mata na tafi, ana guɗa, mai ganga ya kafa tafiyar nan ta raƙumi mai rangaji. Yaron ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa, ya yi ta zuba jimlolin da ya haddace, yana jiran sauyin gaɓa ta biyar wanda ba zai taɓa zuwa ba, don kiɗan Abzinawa a kan dunƙule ɗaya yake zama ya yi ta kewaya. Tafin ya fara sanyi. Wani dattijo da bai san sunan ko sauti ɗaya ba ya karɓi jitar, ya kafa babban yatsa a kan tsirkiyar sama, ya ɗauki 'yar jimla mai sauti huɗu ya yi ta juya ta, yana kallon ƙafafun masu rawa. Fili ya dawo. Kuma maganar ta wuce ta sha'awa, don bikin aure shi ne wurin da mai jita ke samun abin kai wa baki a garin nan. Wanda bai iya riƙe masu rawa ba, ba za a sake kiran sa ba.

Wani zai ce ai laifin yaron ne da ya kai buluz inda ba a nema ba. Da sauƙi in haka ne. Amma sunan da Turawa suka raɗa wa kiɗan Abzinawa, wai buluz na sahara, shi ya fara rikita samarin. Su masu kiɗan asuf suke ce masa, kalmar da ta haɗa kewa da bege da kaɗaicin daji. 'Yan Tinariwen sun sha faɗa cewa ba su san buluz na Amurka ba sai da suka fara fita duniya a farkon shekarun 2000. Tushensu tende ne, turmin da ake rufe wa fata mata su kaɗa, da imzad mai tsirkiya ɗaya, da molon tahardant. Dangantaka dai akwai ta. Ali Farka Toure ya ce da ya fara jin John Lee Hooker ya ɗauka kiɗan ƙasarsu ne, kuma ba mamaki, don Hooker ma yakan zauna a kan dunƙule ɗaya ya ƙi motsawa, bai damu da ƙidayar goma sha biyu ba. Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya kawo hujjoji cewa yawancin siffofin buluz, irin su mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗa mai tsirkiya, da jan murya ana lanƙwasa ta, sun fi kama da na yankinmu na Sudan ta tsakiya da yamma fiye da na bakin teku masu manyan ganguna, har da mai goge Bahaushe a cikin misalansa. Kwas ɗin da na bi ya ba wannan zance 'yan daƙiƙoƙi a darasin farko, ya ce kiɗan ya samo asali daga Afirka, ya wuce abinsa. Ban zarge shi ba, don ba mu ya shirya wa darasin ba. An shirya shi ne don ma'aikacin ofis a Amurka ko Ingila da ya sayi jita yana son rage dare. Illar ita ce yaron Sabha da ya iya riƙe fili awa biyu zai yi gwajin shiga, a tambaye shi sunayen sautuka da Turanci, ya faɗi, na'ura ta rubuta masa cewa shi ɗan koyo ne na matakin farko. Ya kuwa yarda. Daga ranar ya fara jin kunyar babban yatsansa.

A ɓangaren jaz kam, nan zan sassauta. Tafiyar dunƙulen sauti, yadda na biyu ke kai wa na biyar, na biyar ya mayar da kai gida, da yadda ake zaɓar sautin da zai dace da kowane sauyi ana cikin gudu, ilimi ne da ba mu da shi a gargajiyance, kuma ban san wanda zai koyar da shi ido da ido a duk Fazzan ba. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, amma wa zai bar aikin gini ya ketare sahara don wannan? A nan kwas ɗin ya buɗe ƙofar da take a rufe. Na ji daɗin darussan nan, kuma sun sauya yadda nake sauraron Tal National, sai yanzu nake gane abin da masu jitarsu ke saƙawa a tsakaninsu. Duk da haka, darasi mafi amfani a cikin kwas ɗin gaba ɗaya an jefa shi can kusa da ƙarshe, inda mafi yawan ɗalibai ba sa kaiwa. Shi ne inda malamin ya ce a rufe taswira, a ɗauki kiɗan wani gwani, a saurara, a rera da baki, sannan a lalubo shi a jita. Haka Wes Montgomery ya koya. Ya kusa shekara ashirin kafin ya kama jita mai tsirkiya shida gadan-gadan, ya haddace kiɗan Charlie Christian daga faifai sauti bayan sauti, da rana yana aikin walda, da dare yana kaɗawa da babban yatsa don kada ya dami maƙwabta. Wannan yatsa ya zama tambarinsa. Shi kansa Christian, bayan ya tashi daga aiki a ƙungiyar Benny Goodman, gidan rawa na Minton's a Harlem yake tafiya ya kwana ana gwabzawa da sauran makaɗa. Faifai da fili, su biyun nan suka yi jaz. Kwas ya ɗauki na farkon ya yayyanka shi ya ba shi lambobi, na biyun kuwa ba shi da yadda zai tura shi ta waya.

In ana neman misalin aro mai kyau, ba sai an je nesa ba. Mdou Moctar, wanda shi ma ya yi zaman ci-rani a Libiya, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Ya tarar da situdiyon waƙoƙin finafinan Hausa da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya, ya ɗauka ya ɗora a kan asuf ɗinsa. Waƙoƙin suka yi ta tsalle daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har ɗaya ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds ya fitar, daga nan duniya ta neme shi. Ya shiga ɗakin baƙo da kayansa a hannu, ya zaɓi abin da zai ƙara, bai ajiye nasa a bakin ƙofa ba. Samarin da nake gani a nan akasin haka suke yi, kuma tsarin kwas ɗin ne ke tura su, don hawa-hawa yake, ba ya barin ka tsallaka zuwa abin da kake bukata sai ka bi ta akwatunan nan biyar.

Sai maganar kuɗi, wadda masu talla ba sa kawowa. Biyan wata-wata yana bukatar katin banki mai aiki a waje, abin da ɗan ci-rani marar takarda ba shi da shi, sai ya bi ta hannun wani ya biya lada. Wuta na ɗaukewa sa'o'i, musamman da zafi, layin intanet na bin ta. Abin da samarin suka koma yi shi ne mutum biyar ko shida su haɗa kuɗi su buɗe rajista ɗaya, a sauke darussan a waya guda idan layi ya samu, a taru da dare a ɗakin ɗayansu a kalla tare. Jita biyu ce ke zagayawa. Mai jiran layi ba ya zama haka nan: wani na tafi, wani na buga jarka, wani na dariya idan an kauce, wani na cewa sake wannan, ta yi daɗi. Cikin duk waɗanda na bi sawunsu, 'yan wannan ɗaki ne kaɗai na ji sun fara barin sarari a cikin kiɗansu, suna kaɗa jimla su ɗaga kai su jira. Kamfanin da ya shirya kwas ɗin, a ƙa'idarsa, raba rajista laifi ne da zai sa a rufe ta.